Shekarar da ta yi kwana 445 a birnin Rum da amanar lissafin lokaci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk yaron da aka tambaya kwana nawa ne a shekara zai amsa da 365 ba tare da ya tsaya tunani ba. Idan ɗan Islamiyya ne, zai ƙara da cewa shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355. Amma a tarihin birnin Rum an taɓa yin shekara guda mai wata goma sha biyar, wadda ta cinye kwana 445 kafin ta fita. Ita ce shekarar da littattafan tarihi ke kira 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rana da wata suna kan tafiyarsu a wannan shekarar kamar yadda Mahaliccinsu Ya tsara musu. Mutane ne suka ɓata lissafinsu da hannunsu, har sai da aka cusa kwana casa'in cikin shekara ɗaya kafin a daidaita shi. Abin da muke son tabbatarwa da wannan tarihi shi ne, lissafin lokaci amanar jama'a ce, kuma duk ranar da aka bar shi a hannun 'yan tsirarun masu iko su ƙara su rage yadda suka ga dama, haƙƙin talaka ne ke salwanta a ciki.

Ya kamata mu fara bambancewa. Rumawan da muke magana a kansu ba su ne na zamanin Hiraƙal ba, waɗanda aka ambata a Suratur Rum. Waɗannan magabatansu ne na ƙasar Italiya, masu bautar gumaka, a lokacin da birnin yake jamhuriya. Kowace shekara sukan zaɓi shugabanni biyu da ake kira kwansul, su riƙe mulki shekara ɗaya su sauka. Tun daga shekara ta 153 kafin Miladiyya, waɗannan shugabanni suna kama aiki ne a ranar farko ta Janairu. Kafin nan a watan Maris suke kamawa, kuma tsohon lissafinsu daga Maris yake farawa. Shi ya sa har gobe sunayen Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba a harshensu ke nufin na bakwai da na takwas da na tara da na goma, alhali yanzu su ne na tara zuwa na sha biyu.

Tsohuwar shekarar Rumawa kwana 355 ce. Wata huɗu suna da kwana 31, wata bakwai suna da 29, Fabrairu yana da 28. Wannan ya gaza shekarar rana da kwana goma da 'yan sa'o'i. Tun da bukukuwansu a ɗaure suke da shuka da girbi, sai suka nemi dabara: kusan duk bayan shekara biyu a tsayar da Fabrairu bayan kwana 23, a saka wani ɗan wata na ƙari, shekarar ta koma kwana 377 ko 378. A takarda dabarar ba ta da laifi sosai. Inda gizo ke saƙa shi ne wanda aka danƙa wa ikon cewa bana za a ƙara ko ba za a ƙara ba. Majalisar limaman addininsu ce ke yanke wannan hukunci, kuma waɗannan limamai su ne dai manyan 'yan siyasar birnin, masu abokai da abokan gaba, masu bin bashi kuma ana bin su.

Wani marubucin Rum mai suna Sensorinus, wanda ya yi littafinsa a shekara ta 238 Miladiyya, ya bayyana yadda aka yi wasa da wannan iko. Limaman sukan tsawaita shekara ko su gajarta ta saboda so ko ƙiyayya, domin wani mai muƙami ya daɗe a kan kujera ko ya sauka da wuri, ko domin ɗan kwangilar karɓar haraji ya ci riba ko ya yi asara. Muna kuma da shaida daga bakin wanda abin ya shafa. Sisero, shahararren lauya kuma ɗan majalisa, ya tafi gwamna a Kilikiya, a kudancin Turkiyya ta yau, a shekara ta 51 kafin Miladiyya. Ba ya son aikin, yana ɗokin komawa gida, sai ya riƙa rubuta wa amininsa Atikus yana roƙon ya sa baki kada a ƙara wata a shekarar, don kada zamansa ya tsawaita. A duba fa: babban jami'in gwamnati bai san tsawon shekarar da yake ciki ba, kuma yana ganin kamun ƙafa zai iya sauya shi. To, ina ga manomi da ɗan kasuwa? Ranar farko ta kowane wata, wadda suke kira kalenda, ita ce ranar biyan kuɗin ruwa ga masu ba da bashi, kuma daga sunanta kalmar kalanda ta zo mana. Ke nan ƙarin wata guda ƙarin nauyi ne a wuyan wanda ake bi.

Yuliyas Kaisar ya zama babban limamin Rum a shekara ta 63 kafin Miladiyya, don haka kula da kalanda aikinsa ne. Amma daga shekara ta 58 ya tafi yaƙi a ƙasar Gol, wato Faransa ta yau da kewayenta, ya shafe shekaru a can. A farkon shekara ta 49 kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakaninsa da Pompi. Aka yi shekaru ba a saka watan ƙari ba, kalanda ta yi ta gudu tana barin yanayi a baya, har tazarar ta kai kusan wata uku. Marubucin tarihi Suwetoniyus ya ce abin ya kai bikin girbi ba ya faɗowa a lokacin girbi, bikin tsinkar inabi ma ba ya zuwa a lokacinsa.

A haka shekara ta 46 ta kama. Kaisar ne kwansul a karo na uku, tare da Markus Lefidus. A ranar 6 ga Afrilu ta lissafinsu ya murƙushe abokan gabansa a Tafsus, a gaɓar tekun Tunisiya ta yau, alhali bisa yanayin rana ana farkon Fabrairu ne. Bayan 'yan kwanaki Kato, babban mai adawa da shi, ya kashe kansa a garin Utika don kada ya rayu a ƙarƙashin afuwarsa. Majalisa ta ba Kaisar cikakken iko na shekara goma. Ya dawo Rum ya yi bukukuwan nasara guda huɗu, kuma a shekarar ce sarauniyar Masar, Kiliyofatra, ta zo birnin. Zaman da ya yi a Iskandariyya kafin nan ya nuna masa mutanen da suka daɗe suna lissafi da shekarar rana mai kwana 365. Masanin taurari Sosijinis, mutumin Iskandariyya, shi ne ya ba shi shawara a kan gyaran.

Kafin sabon tsari ya fara, dole a biya bashin kwanakin da aka ci. An riga an saka watan ƙari mai kwana 23 a Fabrairun shekarar. Sai Kaisar ya ba da umarni a ƙara wasu watanni biyu tsakanin Nuwamba da Disamba, jimlar kwanakinsu 67. Idan aka haɗa 355 da 23 da 67, an sami 445. Wani marubuci na baya, Makrobiyus, ya kira ta shekarar ruɗani ta ƙarshe, sunan kuwa ya bi ta. Daga ranar farko ta Janairun shekara ta 45, shekara ta zama kwana 365, da ƙarin kwana ɗaya a Fabrairu duk bayan shekara huɗu. Tsawon watannin da muke gani yau a kalandar bango daga wannan gyara ya samo asali.

Babban abin da Kaisar ya yi a nan shi ne ya ƙwace hukuncin daga hannun limamai, har da nasa hannun, ya mai da shi ƙa'ida sananniya da kowa zai iya lissafawa a gidansa. Duk da haka mutanen zamaninsa sun ga ƙarfin mulki a cikin aikin. Fulutak ya ruwaito cewa da wani ya ambaci fitowar wani tauraro washegari, sai Sisero ya yi shaguɓe cewa ai da umarnin hukuma zai fito. Kaisar bai ga shekara biyu cikakku a sabuwar kalandarsa ba, domin an kashe shi ranar 15 ga Maris na shekara ta 44. A shekarar aka sauya sunan watan haihuwarsa zuwa Yuli, daga baya kuma aka sa wa wanda ke biye da shi sunan magajinsa Agustas. Limaman ma ba su fahimci ƙa'idar daidai ba. Sun yi ta ƙara kwanan duk bayan shekara uku har na tsawon kimanin shekara 36, sai da Agustas ya dakatar da ƙarin na wasu shekaru kafin lissafi ya koma kan turba.

Akwai wani darasi a cikin sunan shekarar kanta. Babu wani mahaluƙi da ya rayu a cikinta da ya san ta da lamba 46. Mutumin Rum zai ce shekarar da Kaisar da Lefidus suka yi kwansul, domin da sunayen shugabanni suke gane shekaru. Masanansu da ke ƙirga daga kafuwar birnin, bisa lissafin Barro wanda ya ajiye ta a 753 kafin Miladiyya, za su ce shekara ta 708. Girkawa na ƙirga da wasannin Olimfik da ake yi duk shekara huɗu, a wurinsu ana cikin zagaye na 183. A ƙasar Sham ana bin lissafin daular Salukawa, shekarar ta faɗa tsakanin 266 da 267. Masarawa suna ƙirga shekarun sarautar Kiliyofatra. A ƙasar Sin kuwa shekara ta uku ce ta sarki Yuwan na daular Han. Idan muka auna da namu ma'auni, tsakaninta da Hijirar Manzon Allah (SAW) akwai shekarar rana 667, wato kimanin shekarar wata 687.

Lambar 46 ta zo ne daga baya da nisa. A shekara ta 525 wani malamin Kirista a Rum, Diyonisiyus, yana tsara jadawalin bikin Ista, ya ƙi ci gaba da ƙirga shekaru daga sarautar Diyokiletiyan, sarkin da ya azabtar da mabiya addininsa, ya fara ƙirga daga abin da ya ɗauka shekarar haihuwar Annabi Isa (AS) ce. Littafin tarihin da Bede ya kammala a Ingila a 731 ya taimaka wajen yaɗa wannan lissafi. Yawancin masana tarihi na Turai a yau sun yarda cewa Diyonisiyus ya yi kuskuren 'yan shekaru, domin sarki Hirudus, wanda littattafansu suka ce a zamaninsa aka yi haihuwar, ya mutu tun shekara ta 4 kafin Miladiyya. Ɗalibai kuma su lura cewa a wannan lissafi babu shekarar sifili: daga 1 kafin Miladiyya sai 1 Miladiyya. Shi ya sa idan aka haɗa 46 da 622 sai a cire ɗaya kafin a sami adadin shekarun da ke tsakani.

Gyaran Kaisar ma bai tsira daga gyara ba. Shekararsa ta fi ta rana da kimanin minti 11, abin da ke zama kwana guda cikin shekara 128. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana goma, aka kwana 4 ga Oktoba aka wayi gari 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha kuma sai 1918. Wannan gyararriyar kalanda ce Turawan mulkin mallaka suka kawo mana. Amma tsohuwar ta Kaisar ta riga su shiga Afirka, kuma har yau manoman Magrib suna riƙe da ita, inda suke bikin shigowar watan Yannayir a wajen 12 zuwa 14 ga Janairu.

Duk Musulmin da ya karanta labarin limaman Rum zai tuna da abin da ya sani a tarihin Larabawan jahiliyya. Su ma suna da nasu wasan da watanni, wanda Alƙur'ani ya kira annasi'u. Wani gida daga ƙabilar Kinana ne ke riƙe da wannan iko. Bayan aikin hajji sai shugabansu ya miƙe ya sanar cewa bana an ɗage alfarmar Muharram zuwa Safar, domin masu son kai hari su sami sarari. Malamai sun yi bayani biyu a kansa: wasu sun ce sauya wa watan alfarma wuri ne, wasu sun ce har da ƙara wata a shekara domin hajji ya riƙa dacewa da lokacin kasuwa. Ko wanne ne, cutar irin ta Rum ce, wato mutum ɗaya ya riƙe lokacin jama'a yana juya shi don amfanin wasu. Aya ta 36 da ta 37 na Suratut Tauba suka tsayar da adadin watanni a sha biyu, huɗu daga ciki masu alfarma, suka kuma bayyana annasi'u a matsayin ƙari cikin kafirci. A huɗubar hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya sanar da cewa zamani ya juyo ya koma kan asalin tsarinsa. Daga ranar babu sarki ko malamin da ke da ikon ƙara wata ko ɗage shi.

Saura lambar shekara, ita kuma buƙatar aiki ce ta kawo ta. A zamanin Sayyidina Umar (RA), wajen shekara ta 17, wasiƙu da takardun bashi suka yawaita. An ruwaito cewa an kawo masa takarda mai wa'adin Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bara ko na bana ko na baɗi. Sahabbai suka yi shawara, aka tsayar da Hijira ta zama mafari, Muharram kuma ya zama watan farko. Abin lura shi ne, ba a ɗaura lissafin a kan sunan halifa ba, yadda Rumawa suka ɗaura nasu a kan sunayen shugabanni.

Wani zai ce ai duk da haka shekarar rana ta fi amfani, tunda da ita ake sanin damina da rani. Ba mu musa amfaninta ba, magabata ma ba su musa ba. Halifa Mu'utadid na Abbasiyawa, a shekara ta 282 bayan Hijira, ya ɗage lokacin karɓar harajin gona zuwa watan Yuni bisa lissafin rana, saboda ana matsa wa manoma su biya tun amfani bai nuna ba. A 1079 Miladiyya, Sarki Malik Shah ya sa masana, cikinsu har da Umar Khayyam, suka tsara kalandar rana mai matuƙar daidaito. Albiruni ya rubuta littafi guda a kan lissafin shekarun al'ummomi daban-daban. Don haka babu dalilin ƙyamar kalandar Miladiyya a harkar noma da makaranta da albashi. Abin da aka hana shi ne a murɗa watannin ibada su bi son ran wani.

Wani kuma zai ce, to, mu ma ai jiran sanarwar hukuma muke yi kafin mu ɗauki azumi ko mu sha ruwa, kuma kusan duk shekara sai an yi saɓani, ina bambancinmu da Rumawa? Tambayar tana da nauyi, bai kamata a kau da kai daga gare ta ba. Amsarmu ita ce, iyakar abin da sanarwa ke iya yankewa shi ne ko wata ya yi kwana 29 ko 30. Ba ta wuce kwana ɗaya, kuma a kan shaidar gani ake gina ta. Idan an yi kuskure, jinjirin wata na gaba zai fito a sararin sama inda kowa ke ganinsa, ya gyara lissafin. Limaman Rum kuwa sun yi nisan wata uku ba tare da wani abu ya tsayar da su ba. Sai dai wannan tarihi gargaɗi ne gare mu. Da zarar ganin wata ya zama fagen nuna ƙarfin ƙungiya ko gaba da wani shugaba, mun fara taka hanyar da suka taka. Maganin shi ne bin jagoranci ɗaya, kamar yadda Sarkin Musulmi ke sanarwa a Najeriya, tare da bayyana wa jama'a ƙa'idar karɓar shaida, da neman taimakon masana falaki wajen tantance ta.

Wannan magana tana shiga har cikin gidajenmu. Zakkar dukiya da shekarar wata ake lissafa ta. Mai fitar da ita duk watan Disamba yana jinkirta ta da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma cikin shekara 33 zakkar shekara guda cur ta faɗi daga hannun mabuƙata bai sani ba. Takabar matar da mijinta ya rasu, wata huɗu da kwana goma, da watannin sama ake ƙirga ta. A harkar kuɗi ma bambancin ba wasa ba ne: lokacin da Saudiyya ta mai da biyan albashin ma'aikatanta kan kalandar Miladiyya a 2016, kowa ya gane cewa an ƙara musu kimanin kwana goma sha ɗaya na aiki a kan albashin shekara. Saboda haka mai rubuta takardar bashi ko ta haya ko ta jingina ya rubuta rana da wata da shekara cikakku, ya kuma faɗi da wace kalanda ake lissafi, kada a bar wa magada tambayar da Sayyidina Umar ya yi.

Muna kira ga iyaye da malaman Islamiyya su koya wa yara watannin Hijira sha biyu a jere, da lambar shekarar da ake ciki, kada saninsu ya tsaya a Ramadan da Zulhajji. Su kuma koya musu asalin Janairu da Yuli da Agusta, domin wanda ya san inda abu ya fito ba ya ɗaukarsa saukakke daga sama, ba ya kuma jin tsoronsa. Ɗalibin da ya iya juya kwanan wata daga wannan lissafi zuwa wancan zai karanta tarihin Musulunci da na duniya ba tare da ruɗewa ba, zai kuma iya tsare haƙƙinsa da na waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Allah Ya sanya albarka a cikin kwanakinmu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani.